Gwama Darasin Aji da na Waya a Wata Babbar Sakandare ta Kumasi: Yadda Aka Faɗaɗa Shi da Inda Ya Cije

Makarantar da wannan nazari ya shafa sakandaren gwamnati ce a Kumasi, ƙasar Gana, ta maza da mata, mai ɗalibai dubbai. Akwai 'yan kwana, akwai 'yan jeka-ka-dawo, kuma da yawa daga cikin masu zuwa daga gida 'ya'yan unguwanninmu na Zongo ne: Aboabo, Asawase, Sawaba, Sabon Zongo, Akwatia Line. Ba zan kama sunan makarantar ba, balle na malamai da iyaye da yara, domin labarin ya shiga cikin gidajen mutane. Ina koyarwa a wurin, kuma ina cikin kwamitin da hukumar makaranta ta ɗora wa aikin ɗaukar wani tsari da malamai uku suka fara don kansu, wato gwama darasin aji da wanda ake turawa ta waya da kwamfuta, a shimfiɗa shi a kan makarantar baki ɗaya. Kujerar da aka ba ni a kwamitin ita ce ta hulɗa da iyayen Zongo, tunda ni ne mai jin Hausa a cikinmu. Daga wannan kujera nake ba da labarin.

Inda abin ya samo asali

A watan Satumban 2017 gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta fara shirin karatun sakandare kyauta. Yaran da a da kuɗin makaranta ke tsayar da su bayan jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare suka samu shiga, kuma a Zongo mun gani da idonmu: 'yar mai koko da ɗan mai gwangwan suka sa rigar sakandare. Sai dai azuzuwa da ɗakunan kwana ba su ƙaru da saurin da ɗalibai suka ƙaru ba. A Satumban 2018 aka kawo tsarin karɓa-karɓa a makarantu kimanin 400, tamu na ciki. Aka raba ɗalibai rukuni biyu, kore da ruwan zinare, wannan na makaranta wancan na gida.

Hutun da tsarin ya haifar dogo ne, makonni da yawa a jere, kuma a nan ne bambancin gida da gida ya fito fili. Mai hali ya biya wa ɗansa darasin hutu. Namu kuwa, namiji ya tafi Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, wajen kawunsa makanike ko ya hau keken haya mai ƙafa uku na wansa, wanda ake kira Pragya, mace ta bi uwarta kasuwar Kejetia ko ta ɗauki tire. Ba laifi ba ne neman halal, kuma gidajen na buƙatar kuɗin. Amma yaro ya dawo aji ya tarar lissafin da ya bari a hannu ya zube, malami kuma ya ɓata makonnin farko yana maimaita abin da aka riga aka wuce.

Wani malamin kimiyyar sinadarai da malaman lissafi biyu ne suka fara neman magani. Ba wanda ya sa su. Suka tattara lambobin wayar iyaye, suka buɗe zaurukan WhatsApp, suna tura ɗan bayani da tambayoyi lokacin hutu, da kuɗin datarsu. Da aka rufe makarantun ƙasar ranar 16 ga Maris 2020 saboda annobar korona, aka kuma hana fita a Akra da Kumasi na mako uku daga ƙarshen watan, gwamnati ta buɗe tashar Ghana Learning TV, ta nuna wa 'yan sakandare dandalin iCampus na cibiyar karatu daga nesa ta CENDLOS. 'Yan ajin ƙarshe suka koma a watan Yuni don shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sauran kuma kashi-kashi, wasu sai cikin 2021. A duk tsawon wannan lokaci, ɗaliban malaman nan uku su ne kaɗai a makarantar da ke jin muryar malaminsu a kai a kai. Da aka dawo, bambancin bai ɓoyu ba. Shugabar makarantar ta gani, ta ce abin da ya yi wa azuzuwa kaɗan amfani a yi wa kowa.

Tsarin farko

Abin da aka zana da farko mai kyau ne a takarda. Kowane malami zai ɗauki bidiyon darasi duk mako ya ɗora a wani dandali na intanet, kowane ɗalibi zai samu suna da lambar sirri, ya kalla a gida, ya amsa tambayoyi, ya zo aji da shiri. Akwai dalilin kyautata zato, domin a 2021 an fara raba wa malamai kwamfutar tafi-da-gidanka a shirin da gwamnati ta ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin, malami ya biya 30.

Kafin zangon karatu ya ƙare dandalin da kansa ya ba da shaida, tunda yana nuna wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. Masu shiga kusan kullum mutum ɗaya ne: 'ya'yan ma'aikata, masu wayar kansu a gida. Sunayen yaran Zongo kuwa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ko dai ba su taɓa buɗewa ba, ko sun buɗe bidiyon sun rufe kafin ya yi nisa. Wasu malamai suka ce lalaci ne, wasu suka ce iyayen ne ba su damu da boko ba. Wannan magana ta biyu ta daɗe tana yawo a kan mutanenmu, kuma ban yarda da ita ba. Na roƙi kwamiti a ba ni dama in bi gidaje kafin a yanke hukunci.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya da tsarin bai hango ba. Hukumar ilimi ta ƙasa, GES, ta hana ɗaliban sakandare riƙe waya a makaranta. Ke nan ɗan kwana ba shi da waya duk tsawon zango, sai ɗakin kwamfuta da kowa ke layi a kansa. Ɗan jeka-ka-dawo yana iya samun waya da dare amma ba shi da lokaci ko data. Tsari guda aka yanka wa mutum biyu da buƙatunsu suka yi hannun riga.

Waya ɗaya a gidan Aboabo

Gidan da ya fi tsaya mini a rai gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da tsakar gida ɗaya, irin wanda duk ɗan Zongo ya sani. Yarinyar tana ajin kimiyya, shekara ta biyu, mai ƙoƙari ce a aji, amma sunanta bai taɓa fitowa a dandalin ba. Na tarar da mahaifiyarta bayan la'asar tana tace gasara, ga wake a jiƙe na ƙosan gobe. Wayar gidan ɗaya ce, tana ɗaure a bakin zaninta, fuskarta a tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Da na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta goge hannu ta kwance wayar ta miƙo mini. "Malam, duba da kanka. Wannan ita ce shagona. A nan masu saye ke turo kuɗi, a nan mai gero ke kirana. In na ba ta ta kalli karatu da rana, wa zai amsa mini ciniki?"

Na ce, "Mma, to da dare fa?"

Ta ce da dare tana ba ta, bayan isha'i, in an gama wanke tukwane. Amma ranar da yarinyar ta buɗe bidiyo ɗaya, datar da aka saya ta mako ta ƙare kafin malamin ya kai rabin allo. Tun daga ranar ta hana. Na buɗe wayar na ga ma'ajiyarta a cike, ba wurin da sabuwar manhaja za ta zauna, kuma rubutun da malami ya yi a allo, in aka ƙanƙance shi a wannan tsagaggen gilashi, ko mai kaifin ido ba zai karanta ba. Yarinyar tana tashi kafin asuba ta hura wuta, ta kai koko bakin titi, sannan ta yi wanka ta nemi mota. Asabar da Lahadi tana makarantar Islamiyya da safe. A ina za ta samu awa guda ta zauna gaban bidiyo?

Wannan uwa ba ta ƙi boko ba. Ita ce ta ɗauko mini takardar sakamakon 'yarta daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa. Abin da aka gina ne bai yi daidai da ƙofar gidanta ba. Sauran gidajen da na shiga labarin ya ɗan sha bamban, amma jijiyarsa ɗaya ce. Wani wayar wansa yake jira, shi kuma wan direba ne, sai tsakar dare. Wani kakarsa ke riƙonsa, wayarta ƙaramar mai maɓalli ce. Wata kuma akwai waya mai kyau a gidan, amma mahaifin ya ce 'yarsa ba za ta shiga zauren da maza ke ciki ba, kuma ba zai lamunci namiji, ko da malami ne, ya riƙa turo mata saƙo da dare ba.

Da na kai wa kwamiti wannan rahoto, an yi muhawara mai zafi, amma a ƙarshe aka juya ma'aunin gaba ɗaya. Aka daina tambayar me dandalin ke iya yi, aka koma tambayar me mafi raunin waya a makarantar ke iya ɗauka. Darasin gida ya koma saƙon murya na 'yan mintuna da hoton shafi ɗaya mai manyan haruffa. Bidiyo sai inda ba makawa, kamar nuna gwajin da ba a iya kwatantawa da baki, shi ma a matse shi ya zama ƙarami. Aka soke duk darasin da sai an haɗu kai tsaye a lokaci ɗaya, domin wanda wayarsa ke zuwa ƙarfe goma na dare ba zai taɓa halarta ba. Kowane darasi aka buga kwafinsa a takarda, shugaban aji ya ajiye. Kafin a tafi dogon hutu kuma, a zuba darussan hutun duka a kwamfutocin makaranta, iyaye ko yayye su zo da waya ko katin memori a kwafa musu ba tare da data ba, daga nan yara su tura wa juna ta Bluetooth a unguwa. Ba a sa wa'adin miƙa aiki ranar Juma'a ko safiyar ƙarshen mako, cikin azumi kuma a rage nauyin. Malaman da ba Musulmi ba ba su yi gardama a kan wannan ba, tunda su ma sun nemi a bar wa yaransu safiyar Lahadi.

Maganar harshe ta fi wuya. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake koyarwa a makarantun gwamnati, jarrabawar WAEC kuma da Turanci ake rubuta ta. Da na kawo shawarar a riƙa haɗa ɗan ƙarin bayani da Hausa da Twi, harshen Asante, a kan batutuwa masu wuya, malaman Turanci suka ce za a ƙara lalata yaran da tun farko Turancinsu ke rawa. Damuwarsu gaskiya ce, domin yaron da ya faɗi Turanci ƙofar jami'a ta rufe masa ko da ya ci kimiyya. Aka tsaya a tsakiya: ainihin darasi da Turanci, sunayen abubuwa na kimiyya da lissafi su zauna yadda za su fito a jarrabawa, amma a biyo da gajeren saƙo cikin harshen gida mai warware inda ake yawan tuntuɓe. 'Yan bautar ƙasa da aka turo mana, cikinsu akwai 'yan Zongo, su suka ɗauki yawancin wannan aiki. Wani amfani da ba a yi tsammani ba shi ne iyaye mata suna sauraro. Uwar da ba ta taɓa sanin me 'yarta ke karantawa ba ta fara jin abin da kunnenta, kuma hannunta ya fi saurin sakin wayar.

Zama da iyaye

Taron iyaye da ake kira a harabar makaranta da safiyar ranar aiki, 'yan kasuwa ba sa zuwa. Sai muka kai taron inda suke. Na nemi alfarmar wani limami a Asawase, ya ba mu wuri bayan la'asar, matan kuma wata malama ta zauna da su daban a makarantar Islamiyyar unguwa.

Na jima ina bayani ban ga alamar ya shiga ba, sai limamin ya karɓa. Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne: a makarantar allo malam kan biya wa yaro karatu, yaro ya koma gefe ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, ya dawo ya kawo hadda, kuma ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Waya ita ce biyawar, aji shi ne kawo haddar. Dattawan suka gyaɗa kai. Daga nan tambayoyi suka koma kan abin da ke damunsu na haƙiƙa.

Wani dattijo ya ce, "Malam, mun ji. Amma wa zai tsare mana 'ya'yanmu mata a cikin wayar nan?"

Ban ɗauki tambayar a matsayin duhun kai ba, kuma ina ganin duk wanda ya ɗauke ta haka bai san abin da ke faruwa ba. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ta ware sashe musamman kan kare yara daga masu yaudararsu ta intanet, ba don wasa ba. Abin da muka yi alkawari, kuma shugabar makaranta ta sa hannu, shi ne: babu malamin da zai tura wa ɗalibi saƙo na keɓe, kowane zaure malamai biyu ne ke kula da shi, ɗaya mace, lambar uba ko uwa ce ke ciki, ana rufe zauren ƙarfe 9 na dare sai safiya, duk mai ƙorafi ga mataimakiyar shugaba. Dattijon ya ce, "To, Malam, amana ce." Ya ba da lambarsa a wurin.

Malamai da jadawali

A nan ne, a ganina, aikin faɗaɗawa ya rataya. Malaman nan uku sun yi abin da suka yi ne da zafin zuciya, suna raba dare, suna kashe kuɗinsu. Irin wannan ba a yin odarsa. Malamin da ke da azuzuwa cike maƙil, ga takardun dubawa, ga rukuni na tafiya hutu wani na shigowa har shi kansa bai san hutu ba, in ka ce masa ya ƙara ɗaukar darasi duk mako da dare, zai ce to, ya yi mako biyu ya bari. Haka kuwa aka yi a tsarin farko. Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro: wasu malamai na samun ɗan rufin asiri daga darasin hutu na kuɗi, kuma suna kallon darasin waya na kyauta a matsayin mai rage musu. Ban ga amfanin zaginsu ba. Albashin malami sananne ne.

Abu biyu suka kwance ƙullin. Na farko, aka daina cewa kowane malami ya yi nasa. Kowane sashe ya raba batutuwan shekara tsakanin malamansa, mutum ya ɗauki kaɗan ya gyara su da kyau, a tara a rumbu ɗaya, kowa ya ɗiba. Dattawan malamai da ba su saba da kwamfuta ba, waɗanda da farko suka ja baya, aka haɗa kowannensu da matashi: dattijo ya yi bayani, matashi ya ɗauka ya gyara. Wasu daga cikin saƙonnin da yara suka fi nema na waɗannan dattawa ne, domin shekaru sun koya musu daidai inda yaro ke ɓacewa. Na biyu, aka sa aikin cikin jadawali. Da ma'aikatar ilimi ta shigo da zaman malamai na mako-mako don shirin sabuwar manhajar sakandare da hukumar NaCCA ta tsara, wadda 'yan aji ɗaya suka fara da ita a shekarar karatu ta 2024/2025, shugabar makaranta ta ƙara wa sassa lokaci kusa da wannan zama don shirya darussan waya. Aiki ya koma na rana, cikin lokacin da ake biyan malami.

Sauran shi ne canza abin da ake yi a aji, kuma wannan ne ya fi cin lokaci. In malami ya tura darasi sannan ya zo ya maimaita shi daga farko a allo, yara ba wawaye ba ne, gobe ba wanda zai saurara a gida. In kuma ya wuce kamar kowa ya saurara, ya zubar da waɗanda waya ba ta kai gare su ba. Hanyar da ɗaya daga cikin malaman lissafin ya fito da ita ce ta bazu. Na zauna a ajinsa ranar da suke kan lissafin daidaito biyu masu haruffa biyu. Da shigarsa ya rubuta tambayoyi uku a allo, kowa ya yaga 'yar takarda ya amsa cikin mintuna kaɗan. Ya karɓa yana tsaye, yana dubawa yana ajiyewa kashi uku a kan tebur. Waɗanda suka ci duka ya ba su tsofaffin tambayoyin WASSCE su yi bibbiyu. Na tsakiya ya haɗa su da shugabannin rukuni. Kashi na uku, waɗanda ba su samu darasin ba ko ba su gane ba, ya ja su gaban aji, ya kunna musu saƙon a 'yar lasifika, ya tsuguna a tsakiyarsu da alli yana rubutu a kan benci. Bai tambayi kowa don me bai saurara a gida ba. Da na yi masa maganar daga baya, ya ce in ya tambaya, wanda ba shi da waya zai ji kunya, gobe ba zai zo ba.

'Yar takardar nan ta warware wata matsala kuma. Tun da manhajojin da ke amsa tambaya suka shigo, har cikin WhatsApp ɗin kansa, amsar da aka turo daga gida ta daina nuna abin da yaro ya sani. Sai aka daina ba ta maki. Makin yana kan abin da ya rubuta da hannunsa a gaban malami.

Abin da aka gani, da abin da ya ƙi

Ba zan jingina sakamakon WASSCE ga wannan tsari ba, ko ya hau ko ya sauka, domin abubuwa da yawa ke haɗuwa a sakamakon shekara guda. Abin da malamai suka shaida a zaman sassa shi ne makonnin maimaici bayan dogon hutu sun ragu, musamman a lissafi. Yaran da ba sa ɗaga hannu a aji, galibi mata, sun fara yin tambaya ta saƙon murya. Wanda jinya ta kwantar ya daina dawowa a makance. Wata ɗaliba da ta haihu ta koma aji bisa ƙa'idar GES da ke ba irinta damar dawowa, kuma rumbun darussan nan ne ya riƙe ta watannin da take gida. Yarinyar Aboabo kuwa tana samun darasinta a katin memori, tana saurare da asuba tana juya koko.

Inda tsarin ya cije ma a bayyane yake. Darussan aikin hannu, irin su girki da ɗinki da zane da aikin katako da gwajin ɗakin kimiyya, waya ba ta maye gurbin taɓawa, kuma sassan nan sun shiga ne sama-sama. Akwai yaran da ko wayar aro babu a gidansu, takarda kaɗai ke kai musu, ita kuma kuɗin bugawa kan yanke. Sashen da shugabansa ya ɗauki abin da gaske ya yi nisa, wanda nasa ya yi sanyi rumbunsa na nan rabi. An yi wa ɗaya daga cikin malaman farko canjin wurin aiki, sashensa ya yi tangal-tangal na tsawon zango kafin ya miƙe. Gab da jarrabawa kuma sai an sa ido sosai, domin 'yan damfara masu tallan tambayoyin da suke cewa sun fita kan nemi kutsawa zaurukan.

Kwamfutocin hannu

A watan Maris 2024 gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu, da burin kai wa kimanin miliyan 1.3. Da rabonmu ya iso, murna ta cika makaranta, kuma ga 'yan kwana ya toshe giɓin da dokar hana waya ta bari. Kayan karatun sabuwar manhaja da aka ɗora a intanet sun samu inda za a buɗe su. Sa'ar da muka yi ita ce na'urorin sun tarar da rumbun darussa da al'adar amfani da shi, ba su sauka a kan fili ba.

Amma sun zo da nasu nauyin. Ɗakin kwanan da aka gina da soket kaɗan yanzu na'urori da yawa ke jiran caji a cikinsa, ga ɗaukewar wuta da mutanen ƙasar nan ke kira dumsor. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta taimaka da akwatunan caji masu makulli. In gilashi ya fashe kuma, wa zai biya? A ƙarƙashin shirin karatu kyauta makaranta ba ta da ikon ɗora wa iyaye kuɗin da ba a amince da shi ba, kuma an sha dakatar da shugabannin makarantu a ƙasar nan kan irin wannan, don haka ba shugaban da zai yi gangancin gwadawa.

Wannan ne ya kai mu ga muhawarar da har yanzu ke kan tebur: a bar yara su tafi gida da na'urorin lokacin dogon hutu ko a kulle su a sito? Mai kula da kayan makaranta yana tsoron sata da fashewa, kuma shi za a tambaya. Wasu iyayen ma tsoron suke ji, wata ta ce mini ɗakinsu mutum bakwai ke kwana, ina za ta ɓoye kayan gwamnati? Ni ina ɓangaren a bari su tafi da su. Dogon hutun nan shi ne asalin ciwon da ya sa aka fara komai, kuma yaron da ya fi buƙatar na'urar shi ne wanda gidansu ba wata. In aka kulle ta a sito daidai lokacin da yake gida, mai wayar kansa bai rasa komai ba, ɗan mai koko ne ya rasa.

Matsayar da kwamiti ya kai ta wucin gadi ce. A hutu mai zuwa 'yan aji biyu kaɗai za su tafi da nasu, bayan uba ko uwa ko mariƙi ya zo ya sa hannu. Ga waɗanda iyayensu suka ce ba za su iya ajiyewa ba, makarantun Islamiyya biyu, ɗaya a Aboabo ɗaya a Sawaba, sun yarda su ba da ɗaki mai wuta da ƙofa mai makulli, yara su zo tsakanin azahar da la'asar su yi karatu, ɗan bautar ƙasa guda yana kula da su, a mayar da na'urorin akwati kafin a tashi. Bayan hutun za a ƙirga abin da ya dawo lafiya, a duba 'yan takardun makon farko, sannan a yanke ko 'yan aji ɗaya ma za su bi.